Suna ɗaya, hannuwa da yawa: nazarin lamarin wata na'urar awon jini a Argungu

Wannan bayani ne a kan abin da ya faru a wani gida a garin Argungu, jihar Kebbi, cikin azumin shekarar 2024. Na'urar awon hawan jini mai tura sakamako zuwa waya ta sa an ƙara wa wani dattijo maganin da jikinsa ba ya buƙata har ya faɗi a masallaci, kuma ita ɗin ce ta tona ciwon wata mai jego da ke fama a ɓoye. Ni ma'aikacin jinya ne, layinmu ɗaya da su, ni aka kira ranar da abin ya ɓaci. Mutanen gidan sun yarda a rubuta, da sharaɗin kada a kama sunan kowa.

Mai gidan da kayan da aka kawo masa

Alhaji, kamar yadda zan riƙa kiransa, ya ba sittin baya. Manomin shinkafa ne a fadama, damina da rani, yana kuma sayen shanshera a hannun ƙananan manoma ya kai wa masu injin casa. Matansa biyu. Ya kusa shekara goma yana shan amlodipine saboda hawan jini, daga baya aka ƙara masa metformin da aka ga sugansa ya hau. Katinsa yana wani asibiti a Birnin Kebbi, tafiyar kamar awa guda a mota, amma zuwansa sai ya ga dama.

Babban ɗansa yana aiki a Abuja. Da ya zo hutun ƙarshen 2023, ya taho wa uban da kaya uku. Na farko na'urar awon jini ce ta damtse, irin mai ɗamarar da ke kumbura da kanta, mai Bluetooth. Kaya ne mai kyau, ba ni da ta cewa a kan ingancinta. Tana ajiye sakamako a cikinta, duk sa'ad da wayar da aka haɗa su ta matso sai ta juye mata, manhajar kuma ta tura intanet. A gefenta akwai ɗan maɓalli mai lamba 1 da 2, don mutum biyu, wanda ba wanda ya kula da shi. Na biyu na'urar gwajin suga ce ta tsira yatsa, da gwangwanin 'yan takardunta. Na uku agogon hannu ne da ya saya ta intanet da araha, wanda kwalinsa ya yi alƙawarin auna bugun zuciya da hawan jini da barci da yawan taku, har da suga ba tare da an ɗigo jini ba.

Alhaji ba ya riƙe babbar waya, 'yar ƙarama mai tocila ce a aljihunsa. Saboda haka aka sa manhajojin a wayar wani ƙanen yaron da ke karatu a gida, amma asusun da imel ɗin na Abuja aka buɗe shi. Duk abin da aka auna a Argungu, in akwai data da sabis, yana gani daga ofis.

A bayan irin waɗannan agoguna akwai koren haske mai ƙiftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk bugun zuciya, in jini ya cika ƙananan jijiyoyin fata, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Da wannan raguwa da ƙaruwa agogo ke ƙirga bugu, kuma in mutum yana zaune, agogon ya kama hannu sosai, ƙirgen yakan zo daidai ko kusa. Hawan jini maganarsa daban. Ko agogon Samsung mai tsada da ke ba da lambar hawan jini, sai an daidaita shi da na'urar damtse duk mako huɗu. Suga kuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe ko ɗaya da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Kafin gargaɗin ya fito, Alhaji ya daɗe yana duba sugansa a tsintsiyar hannu, kullum 5 da ɗoriya. Na'urar tsira yatsa kuwa ya ajiye ta a kan taga.

Yadda na'urar ta zama ta unguwa

Wanda ya ƙera na'urar damtsen mutum ɗaya yake hasashe, ko miji da mata, kowa ya san maɓallinsa. Zauren Alhaji kuwa majalisa ce. Bayan la'asar abokansa sukan taru, masu sayar masa da shanshera su biyo, leburorin fadama su zo karɓar sallama. Sabon abu ne, yana alfahari da kyautar ɗansa, sai ya sa a ɗauko. “Miƙo hannunka mu gani ko kai ma jinin ya hau.” Kafin wata ya ƙare, yara sun fara zuwa daga maƙwabta: wai in ji Baba a ara masa abin awo. Samarin gidan ma sukan gwada don nishaɗi. Maɓallin yana kan 1 tun ranar da aka fitar da shi daga kwali.

Ban ɗauki wannan a matsayin laifin Alhaji ba. A wurinmu abin amfani ba a hana shi, wanda ya ƙulle irin wannan a akwati sunan marowaci zai ci, kuma da yawa daga cikin dattawan nan ba a taɓa auna jininsu ba sai a zauren. Matsalar tana wajen haɗin: na'urar ba ta san hannun wa ta matse ba, duk wanda ya zura hannu, a Abuja sunansa Alhaji.

Yadda ake awon ma akwai gyara. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai da ƙirji, ɗamara a kan fata, baki a rufe, kuma ya kasance bai ci goro ko ya sha taba ba cikin rabin awa. A majalisa kuwa ana zaune a tabarma an tanƙwashe ƙafa, goro a baki kafin azumi ya kama, ɗamarar a kan hannun babbar riga, ana ta musu kan kuɗin buhun taki. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya ɗaga lamba. Akwai kuma lokacin da aka cire batiran aka sa wa rediyo, agogon cikin na'urar ya koma farko, sakamakon wasu makonni na Janairu suka shiga da kwanan watan da ba nasu ba, sai da ƙanen ya gyara.

Zanen da ya tayar da hankali a Abuja

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Cikin makon farko ɗan na Abuja ya ga zanen manhajar ya canza. Da ma yana hawa da sauka, amma yanzu kusan kowane dare akwai lamba da aka yi wa jan fenti: 165 a kan 105, 172 a kan 110. Da rana kuma jefi-jefi akwai 185. Matsakaicin da manhajar ta fitar ya wuce 150. Ya kira uban, uban ya ce lafiyarsa lau. Wannan amsa ba ta kwantar masa da hankali ba, don ya karanta cewa hawan jini ba ya sallama, kuma gaskiya ne, mutum yana iya yawo da 180 bai ji komai ba.

Sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani likita da suka yi makaranta tare, ya kuma tura zauren WhatsApp na dangi. Likitan ya ce a kai dattijon asibiti a duba shi, kafin nan kuma a iya ƙara masa hydrochlorothiazide, maganin da mutane ke kira na fitsari. Rabin farko na shawarar aka ɗage sai bayan sallah, don Alhaji ya ce ba zai bar shinkafarsa tana fitar da kai ya je ya wuni a layin asibiti da bakin azumi ba. Rabi na biyu aka aika yaro kemis ya sayo a ranar.

A ganina likitan ya yi gaggawa, amma na fahimci abin da ya ruɗe shi. Da takarda aka turo masa da rubutun hannu, da ya tambaya wa ya auna, yaya aka auna. Zane mai launi, da suna a sama, da awa da minti a gefen kowace lamba, yana sa mutum ya ji kamar an riga an tantance. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, wato ko akwai wani mai amfani da na'urar.

Faɗuwa

Maganin fitsari yana rage ruwa da gishiri a jiki. Ga dattijon da ke azumi a ƙarshen Maris a Argungu, inda zafin rana ke haura digiri 40, yana wuni a fadama yana zagaya injin ban ruwa, kuma jininsa na gaskiya bai hau ba, sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ya fara jin jiri in ya miƙe, ya ɗauka azumi ne. Cikin mako na uku, a sallar la'asar, ya ɗago daga sujada zai tashi raka'a ta uku, sai ya ga duhu, ya zube a kan na kusa da shi. Allah ya taƙaita, bai bugu ba.

Na same shi a zaure an shimfiɗe shi, ana masa fifita. Leɓɓansa sun bushe, harshe kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Da na'urata ta hannu na auna: 98 a kan 60 a kwance, da aka zaunar da shi ta ƙara faɗuwa. Na ce ya sha ruwa yanzu, ya yi gardama kaɗan, limamin unguwa da ya biyo su ya ce masa rai ya fi, ya rama bayan sallah. Na tsira yatsarsa da takardun gwajina, suga 230. A lokacin agogon hannunsa yana nuna hawan jini 122 a kan 79, suga 5.4.

Lambobin sugan biyu ma'auninsu daban, shi ya sa mutane ke rikicewa. Ƙaramar lambar in aka ninka ta sau 18 take komawa ma'aunin babbar, wato 5.4 daidai take da kamar 97, sugan mai lafiya. Tsakanin 97 da 230 akwai kofunan kunu da lemon kwalba da Alhaji ya yi ta sha da buɗa baki, tunda agogo ya ce komai daidai. Don in nuna musu, na kwance agogon na sa aka ɗauko muciya daga cikin gida, na ɗaura mata, na danna. Koren hasken ya yi ta ƙiftawa a jikin icen, can sai ga 118 a kan 76, suga 5.3. Alhaji, da ruwa ya fara dawo masa da magana, ya ce, “Ashe muciya ma lahiyarta lau.”

Takardun gwajinsa na kan taga ban yi amfani da su ba. A jikin yawancin gwangwanayen nan an rubuta kada zafi ya wuce 30, su kuwa sun yi wata uku ƙarƙashin rufin kwano.

Tankaɗe lambobin

Da aka ce mini an ƙara masa magani saboda jininsa yana kai 170 da dare, sai na ce a ba ni wayar. Zanen ban kalla ba, jerin sakamakon na buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi yana da lamba uku, ta sama da ta ƙasa da bugun zuciya, kuma ta ukun ce manhajar ba ta sa a zane ba, shi ya sa ba wanda ya dube ta.

Na sa ƙanen ya kawo takarda muka ware. Akwai kashin da ke zuwa da sassafe, 130 zuwa 140 a sama, bugu sittin da 'yan kai. Wannan ya dace da bugun da na ji a hannun Alhaji a baya, kuma bayan an ƙara maganin wannan kashin ne ya yi ta sauka har ya kusa 100. Akwai tarkacen 110 a kan 70 a lokuta barkatai, waɗanda samarin gidan suka amsa da kansu suna dariya. Sai kashi na uku, mai jan fenti: 160 zuwa 175, ta ƙasa 105 zuwa 112, bugu kusan 100, kuma duk tsakanin takwas da rabi da tara da 'yan mintuna na dare.

Na ce, “Baba Alhaji, tara saura na dare kuna ina?”

“Masallaci mana. Mi ka kai ni gida ana asham?”

Aka yi shiru. Duk mazan gidan suna masallaci a wannan lokaci. Na nemi izni a yi mini magana da uwargida, ta zo bakin ƙofar zaure ta tsaya daga ciki. Ban gama bayani ba ta ce, “Malam, a tambayi ɗakin mai jego. Na sha ganin ɗiyarta ta shiga turaka ta hito da abin nan a cikin hijabi.”

Mai jego

Amaryar Alhaji ta haihu a gida kwana goma kafin azumi, haihuwa ta uku, don haka ba ta tafi wankan gida ba, wata gwaggonta ce ta zo tana mata. Da cikin ta je awo 'yan lokuta, an taɓa ce mata jininta ya ɗan hau, a can ta ga yadda ake ɗaura ɗamarar. Bayan suna kanta ya fara ciwo, ciwon da ba ya jin farasitamol, ƙafafu suka kumbura, wani lokaci tana ganin walƙiya-walƙiya a idonta. Ta gaya wa gwaggo, gwaggo ta ce jego ne, a ƙara kunu. Ba ta son a ce ta cika raki, ga maigida yana fama da nasa ciwon har ana ta waya daga Abuja. Sai take aiken 'yarta in maza sun fita. Tana ganin lambobin, ba ta san fassararsu ba, amma ta lura ba sa sauka, shi ya sa take ta maimaitawa kowane dare.

Na shiga tare da uwargida na auna ta sau biyu, 168 a kan 110. Ga mai ciki ko wadda ta haihu cikin mako shida, 160 a kan 110 ba abin da za a kwana da shi ba ne. Mutane sun san jijjiga a lokacin naƙuda, amma kaɗan ne suka san tana iya zuwa bayan an sauka lafiya, har an yi suna an watse, kuma ciwon kai mai naci da ganin walƙiya suna cikin alamun da ke gabatarta. A daren aka kai ta asibiti, a mota ɗaya da mijin. Shi aka dakatar masa da maganin fitsarin, aka duba ƙodarsa aka sallame shi. Ita aka kwantar da ita, aka sami furotin a fitsarinta, aka ɗora ta a kan maganin da ba ya hana shayarwa.

Maganar kunun kanwa sai da aka kai ruwa rana. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta yawansa da kanwa da zafin wanka da gasa ɗaki. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, don haka ba na cewa kanwa ce ta jawo mata ciwon. Amma wadda jininta ke 168 ba ta da wurin ƙarin gishiri kowane iri. Gwaggo ta ce, “Mu da munka sha kanwa munka haihi goma, ga mu nan.” Uwargida ce ta raba gardamar, ta karɓi damun kunun da kanta, da gyaɗa da tsamiya, babu kanwa. Wankan aka ci gaba da shi da ruwan da aka sirka.

Abin da ya fita daga gida

Hotunan da aka tura zauren dangi ba su tsaya a nan ba. Zauren yana da 'ya'ya da surukai da 'ya'yan 'yan uwa, har da waɗanda Alhaji bai san suna ciki ba. Kafin ya faɗi ma labari ya kai kasuwa cewa jikinsa ya yi tsanani. Wani da ya ba shi shanshera bashi zuwa girbi ya zo da fara'arsa yana neman a ɗan rage masa wani abu, surukai suka fara zuwa dubiya. Da faɗuwar ta zo sai ta zama shaida. Mutumin da jarinsa amana ce, ana ba shi kaya a kan magana, irin wannan labari asara ne a gare shi, kuma lambobin da aka yi ta yawo da su ma ba nasa ba ne. Na matarsa ne, wadda ba a tambaye ta ba, ba ta ma san ana gani ba.

Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sai dai kamfanoni da hukumomi ta fi fuskanta. Abin da mutum ya yi a cikin iyalinsa don amfanin gida, galibi ta cire shi. Ɗa ya tura awon ubansa wa dangi saboda tausayi, babu hukumar da za ta shiga. Wannan sai dai a daidaita a gida, kuma Alhaji ya daidaita shi ta waya da jimla ɗaya da ya yi wa ɗan nasa: “Jikin nan nawa na ko naku?”

Manhajar agogon ta fi ba ni tsoro. Da muka duba iznin da aka ba ta a wayar ƙanen, tana karanta lambobin mutane, da saƙonni, da wurin da wayar take a kowane lokaci. Yaron kuwa shi ke kai uban fadama a mashin. A farkon 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fallasa wuraren sansanonin soja a Siriya da Afganistan, daga sawun sojojin da ke gudu da agogo a hannu. A yankin da masu garkuwa da mutane ke aiki da masu kai musu rahoto, hanyar da mai kuɗin shinkafa ke bi kullum, da lokacin da yake bi, ba abin da za a miƙa wa kamfanin da ba a san ko a wace ƙasa yake ba ne. Muka goge manhajar. Babu wani maɓalli a cikinta na goge abin da ta riga ta kwasa.

Abin da aka tsara

Agogon an bar wa wani jika yana duba lokaci. Na'urar damtse na so a keɓe wa Alhaji ita, ya ƙi, ya ce ba zai kori maƙwabci da ya zo neman awo ba, kuma bayan abin da ya faru da amarya ban ga bakin musa masa ba. Sai aka raba ta da wayar gaba ɗaya. Aka sayo littafin 'yan makaranta aka ɗaure shi da zare a jikin jakar na'urar. Duk wanda ya auna, a rubuta sunansa da rana da lokaci da lambobi uku; wanda bai iya rubutu ba yaro ya rubuta masa, da boko ko da ajami. Shafukan farko na Alhaji ne, na amarya suna wani littafin a ɗakinta.

Bayan sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, ya yi awon mako guda yadda ake so: sau biyu da safe kafin ya sha magani, sau biyu da yamma, minti ɗaya tsakani, a kan kujera mai majingina, a zubar da na ranar farko a fitar da matsakaicin sauran. Ya fito 136 a kan 84. Iyakar awon gida 135 a kan 85 ce, ƙasa kaɗan da 140 a kan 90 ta asibiti, wato yana bakin layi. Likitansa na Birnin Kebbi ya duba littafin, ya bar amlodipine yadda yake, ya mai da hankali kan sugan, wanda shi ne ya lalace a watannin agogo. Ya kuma gaya masa tsira yatsa ba ya karya azumi, malamai da dama sun yi fatawa a kan haka, kuma mai ciwon suga in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya sha ruwa. Sababbin takardun gwaji suna cikin roba mai murfi a gindin randa, inda ya fi sanyi a gidan. Ɗan na Abuja yana samun hoton shafin uban ranar Juma'a, shi kaɗai, in uban ya ce a tura. Amarya ta yi wata uku tana shan magani kafin a fara rage mata.

Saura kashi na huɗu. A takardar da muka ware akwai layuka bakwai da ba su shiga ko'ina ba: 180 zuwa 192 a sama, bayan la'asar, kuma kowanne da 'yar alamar da na'urar ke sawa in ta ji bugun zuciya ba ya tafiya daidai. Biyu daga ciki sun faɗo a ranakun da Alhaji ya tabbatar yana fadama har magariba, sauran a lokacin da nasa jinin ke kusa da 100. Wani ne daga cikin majalisa ko maƙwabtan da ake ara wa. Hawan jini irin wannan tare da bugu mai tsalle hanya ce ta shanyewar ɓarin jiki, kuma abu ne da ake iya tarewa da magani in an san mai shi.

Alhaji ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, cewa duk wanda ya taɓa awo a zaurensa ko aka ara masa na'urar ya dawo a sake. Mutane sun zo, na auna su da kaina, na sami uku da jininsu ya hau na tura su asibiti, amma babu mai bugu mai tsalle a cikinsu. Leburorin rani da yawa daga ƙauyuka suke, wasu daga ƙetaren iyaka ta Nijar, kuma da aka gama yankan shinkafa sun koma gida.